Ƙidayar Harsashi

A Yelwa ta Garwa, bayan garejin Sanda,
nan ɗakin kallon Tanimu yake:
benci shida, fanka ɗaya mai sagaggen wuya,
talabijin a kan duro, an tokare ta da bulo.
Dala goma kuɗin shiga.
Daren Alhamis na tsoffin kaset ne,
na masu fasa banki,
waɗanda launinsu ya koɗe
kamar atamfar da ta sha wanki a Binuwai.

Ba na zuwa don jarumin da ke tashi sama
da bindiga biyu, yana ɓarin wuta har gobe,
sai ka ce harsashi gero ne a rumbun ubansa.
Wannan na yara ne.
Ni ina jiran inda shiri ke ɓaci:
sun fito da jakunkuna a kafaɗa,
direbansu ya hango abin da su ba su gani ba tukuna.

Sai a fara.
Babu kiɗa.
Wanda ya yi fim ɗin ya san bindiga ba ta neman makaɗi.
Ƙarar ta daki bangon bene, ta dawo,
ta sake dawowa a makare, da dasasshiyar murya.
Kwanson harsashi na zuba a kwalta
kamar mai shayi ya ɓarar da gwangwanin canji.

Dubi mai kwat ruwan toka.
Bayan taya ya durƙusa, can gefen inji,
don ya san ƙofar mota kwano ce.
Harsashinsa ya ƙare.
Ya zaro wani gidan, hannunsa na ɓari,
ya kuskure ramin, ya sake.
Wallahi, wannan kuskuren
shi na biya wa dala goma.

Hamajoda a bencin baya yake zama, dab da ƙofa.
Shekara ashirin da biyu ya ja tirela
tsakanin Garwa da Ngaundare.
Ba ya tafi, ba ya ihu, leɓɓansa kaɗai ke motsi.
Na ɗauka tasbihi yake.
Ashe ƙirga yake.
"Talatin," in ji shi. "Yanzu zai canja."
Sai mutumin ya canja.

Wani dare wuta ta ɗauke ana tsakiyar artabu.
Yara suka hau tsaki,
Tanimu na kokawa da igiyar janareta.
Cikin duhu Hamajoda ya yi magana,
ba da ni ba musamman:

"Zargina sun tare mu wata shekara, da hantsi.
Na kwanta a ƙarƙashin mota,
kuncina a kan kwalta, tana ƙona ni, ban sani ba.
Yaron motata, Bappa,
bai yi tsalle ba, bai bar wasiyya ba.
Zama kawai ya yi
kamar wanda ya tuna ya manta wani abu a gida.
Kwana uku kunnena na kuka."

Na ce, "To Baba, me ke kawo ka nan?"

Ya daɗe bai amsa ba.
"Waɗannan ba su yi mini ƙarya ba.
Kuma nasu yana ƙarewa:
awa biyu, sunaye su hau, kowa ya nemi takalminsa."

Janareta ta kama.
Tanimu ya mai da kaset baya don a ɗora daga inda aka tsaya:
waɗanda suka faɗi suka miƙe,
gilashi ya warke,
wuta ta koma bakin bindiga,
kuɗi suka koma banki da ƙafarsu.
Yara na dariya.
Hamajoda ya juya fuskarsa ga bango.
Wannan wurin kaɗai ne ba ya kallo.

Da aka danna, hoto ya tsaya daram,
mai kwat ya sake durƙusawa bayan tayarsa.
Na koma bencin baya.
Bai matsa mini ba, bai kore ni ba.
Ɗaya, in ji shi.
Na ce, biyu.